Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Ministan Al'adu na Indonesiya kan Littattafan da Aka Bari a Tsakiyar Ruwa

Mai girma Minista Fadli Zon,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da ma'aikatanku, mun rubuto wannan takarda da yawun wasu malaman adabi da masu fassara da ɗalibai da ke aiki da harshen Hausa, waɗanda suka daɗe suna karanta marubutan ƙasarku kuma suna koyar da su. Mun san baƙi ne mu a wannan magana, kuma ba mu zo da hannu mai tsabta ba, domin a Kano ma an ƙona littattafan soyayya a bainar jama'a a 2007. Wannan ne ma ya sa muka san warin takarda idan tana ci da wuta.

Abin da ya tayar da mu abubuwa uku ne da suka faru a 2025. A watan Fabrairu, lokacin cikar marubuci Pramoedya Ananta Toer shekara ɗari da haihuwa, an shirya sa wa wani titi sunansa a garinsu Blora, sai aka ɗage bikin saboda wata ƙungiya ta ce ba ta yarda ba. A shekarar ce ma'aikatarku ta tara masana sama da ɗari don sake rubuta tarihin ƙasa, kuma a watan Yuni kuka fito kuka nuna shakku kan cewa an yi wa mata fyaɗe da yawa a tarzomar Mayun 1998. Sai ranar 10 ga Nuwamba aka naɗa tsohon shugaban ƙasa Suharto gwarzon ƙasa, rana guda da Marsinah, ma'aikaciyar masana'antar da aka kashe a 1993 a ƙarƙashin mulkinsa bayan ta jagoranci neman ƙarin albashi. Ƙasa tana da ikon rubuta tarihinta, ba mu ja da wannan ba. Damuwarmu ita ce shaidun wannan tarihi, wato ƙagaggun labarai da waƙoƙi da wasannin kwaikwayo, har yanzu hukuma ba ta kama su ba kuma ba ta sake su ba.

Mu fara da haramcin da ya ƙi mutuwa. An kama Pramoedya a watan Oktoban 1965, lokacin da sojoji suka fara farautar 'yan kwaminis da waɗanda ake zargi da bin su, aka ƙona ɗakin karatunsa da takardun da ya shekara yana tarawa, aka doke shi da gindin bindiga har jinsa ya samu matsala. Daga 1969 zuwa 1979 yana tsibirin Buru tare da fursunonin siyasa kusan 12,000, ba a taɓa kai shi gaban alƙali ba. A can ya fara ba wa 'yan uwansa fursunoni labarin Minke da baki, tun kafin a yarje masa ya taɓa takarda a 1973. Littafin farko na wannan labari, Bumi Manusia, ya fito a 1980 daga kamfanin Hasta Mitra, wanda tsofaffin fursunoni suka kafa, kuma a watan Mayun 1981 Babban Lauyan Gwamnati ya haramta shi tare da na biyunsa, bisa zargin yaɗa kwaminisanci a ɓoye. Duk wanda ya karanta littafin ya san labarin ya faru ne a ƙarshen ƙarni na 19, shekaru masu yawa kafin a kafa jam'iyyar kwaminis a ƙasar, kuma an gina Minke ne a kan Tirto Adhi Soerjo, ɗan jaridar da ya kafa Medan Prijaji a 1907, wanda gwamnatinku da kanta ta naɗa gwarzon ƙasa a 2006. A ƙarshen shekarun 1980 an ɗaure wasu matasa uku a Yogyakarta shekara bakwai zuwa takwas da rabi, kuma sayar da littattafan Pramoedya da tattaunawa a kansu na cikin abin da aka tuhume su da shi.

Za ku ce wannan tsohon zance ne, littafin yana kan kanta a kowane babban shago, har fim aka yi da shi a 2019. Haka ne. Amma ofishin da ya sa hannu a takardar 1981 bai fito da wata takarda ya janye ta ba. Abin da ya faru shi ne a watan Oktoban 2010 Kotun Tsarin Mulki ta soke dokar 1963 da ta ba Babban Lauya ikon haramta littafi ba tare da shari'a ba. Kotu ta ƙwace wuƙar, ba ta warkar da yankan ba. Ga kuma ƙudurin majalisa na 1966 da ya haramta aƙidar kwaminisanci yana nan daram, sannan sashe na 188 na sabon kundin hukunta laifuka ya tanadi ɗaurin da ya kai shekara huɗu ga mai yaɗa ta, ko da yake ya keɓe nazari na ilimi. Wane ne zai yanke cewa wannan nazari ne, wancan yaɗawa? A aikace ƙaramin jami'in da ya tsaya a ƙofar shago. Shi ya sa bayan hukuncin 2010 ma sojoji da 'yan sanda suka kwashe littattafai a shagunan Pare da ke Kediri a Disambar 2018, da na Padang a Janairun 2019, ba tare da umarnin kotu ba. Shi ya sa a 2015 bikin marubuta na Ubud ya soke zaman da ya shirya kan kashe-kashen da aka yi wa waɗanda ake zargi da kwaminisanci a 1965 bayan matsin lamba daga hukumomin yankin.

Illar wannan ba a kotu take bayyana ba. Mai shago da aka kwashe wa kaya sau ɗaya ba ya sake odar irin littafin. Mai ɗab'i yakan rage yawan bugu, ko ya sauya bangon littafi don kada a ga launin ja. Malamin sakandare yakan tsallake babin, saboda ba ya son shugaban makaranta ya kira shi ofis. Babu wanda ya haramta komai, amma littafin ya ɓace. Ahmad Tohari, mutumin da ya tashi a makarantar allo irin taku kuma ba wanda zai kira shi ɗan kwaminis, sai da aka cire sassan da suka taɓo 1965 daga Ronggeng Dukuh Paruk a bugun shekarun 1980, ba su dawo ba sai a bugun 2003. Wato kusan shekara ashirin masu karatu suna riƙe da littafin da aka yi wa kaciya ba su sani ba.

Koke na biyu ya shafi abin da ake koya wa yara a matsayin mafarin adabinku. Jadawalin da aka saba yana farawa da Balai Pustaka, sai zamanin mujallar Pujangga Baru na 1933, sai zamanin 1945 na Chairil Anwar, sai na 1966. Amma Balai Pustaka kamfanin gwamnatin Turawan Holan ne. Daga hukumar da suka kafa a 1908 ya samo asali, ya ɗauki wannan suna a 1917, kuma ƙa'idarsa a fili take: kada littafi ya taɓa siyasa, kada ya ɗauki ɓangare a addini, kada ya saɓa wa abin da suka kira tarbiyya. Sitti Nurbaya na 1922 littafi ne mai kyau, amma ku duba yadda aka tsara shi: mugun tsoho Datuk Meringgih shi ne ke jagorantar tawayen ƙin biyan haraji, saurayin da ake tausaya wa kuma yana sanye da kakin sojan Holan. Salah Asuhan sai da aka sa Abdul Muis ya gyara shi kafin ya fito a 1928. Belenggu na Armijn Pane kuwa ƙin sa suka yi gaba ɗaya, sai wata kafa ce ta fitar da shi a 1940. Mu Hausawa mun san wannan hanya sarai, domin namu ƙagaggun labaran na farko a boko daga gasar da hukumar Turawa ta shirya a Zariya a 1933 suka fito, kuma mun daɗe muna muhawara kan abin da wannan hukuma ta so a rubuta da abin da ba ta so ba.

Abin da jadawalin ya bari a waje ya fi abin da ya ɗauka yawa. Turawan mulki sun laƙaba wa rubuce-rubucen da ba su bi ta hannunsu ba sunan bacaan liar, wato karatun da ba shi da linzami. A ciki akwai Student Hidjo na Mas Marco Kartodikromo, wanda ya mutu a sansanin fursunonin siyasa na Boven Digoel a 1932, da Hikayat Kadiroen na Semaun. Akwai kuma adabin 'yan ƙasa masu asalin Sin da suka rubuta da Malayancin kasuwa: Claudine Salmon ta ƙirga ayyuka sama da 3,000 na marubuta da masu fassara kimanin 800. Ƙasar da ta kori Holan da jini ta ci gaba da amfani da ma'aunin Holan wajen tantance wane ne marubuci. Wannan abin mamaki ne. Kuma yaron da bai taɓa jin cewa masu asalin Sin suna cikin waɗanda suka fara rubuta labari da harshen da ya zama na ƙasa ba, shi ne zai fi saurin yarda cewa su baƙi ne.

Mun yi murna a watan Mayun 2024 lokacin da ma'aikatar ilimi ta ƙaddamar da shirin shigar da adabi cikin manhaja da jerin littattafai 177. Ba a daɗe ba aka janye littafin jagorar malamai, saboda kurakurai a bayanan marubuta da kuma ƙorafin wasu ƙungiyoyin addini kan wasu sassa. Kurakuran laifin gaggawa ne, kuma ana iya gyara su. Ƙorafin iyaye ma ba abin rainawa ba ne. Amma maganinsa rarraba littattafai bisa shekarun ɗalibi da horar da malami, ba a bar shirin ya yi sanyi ba.

Na uku, kuma a nan muna so ku saurare mu da kyau domin ba mu zo kare ɓangare ɗaya ba. Kafin 1965 wuƙar a hannun wasu take. Ƙungiyar Lekra, wadda aka kafa a 1950 kuma ta jingina da jam'iyyar kwaminis, ta yi wa abokan hamayyarta dirar mikiya. A shafin Lentera na jaridar Bintang Timur, wanda Pramoedya ke jagoranta, aka yi ta caccakar Hamka, malamin addini kuma marubuci, a 1962 da zargin ya kwaso Tenggelamnya Kapal van der Wijck daga wani littafin al-Manfaluti, marubuci ɗan Masar. A watan Mayun 1964 Shugaba Sukarno ya haramta Sanarwar Al'adu ta 1963, wato takardar matsayar abokan hamayyar Lekra, wadda H.B. Jassin da Goenawan Mohamad da Taufiq Ismail da wasu suka sa wa hannu, wasunsu suka rasa aiki, wasu suka koma rubutu da sunan aro. An tsare Hamka daga 1964 zuwa 1966, kuma a tsaren ya rubuta kaso mai yawa na Tafsir al-Azhar. Mochtar Lubis ya shafe kusan shekara tara a tsare a zamanin Sukarno, har Senja di Jakarta ya fara fitowa da Ingilishi a 1963 kafin 'yan ƙasarsa su gan shi da harshensu, sannan Suharto ma ya rufe jaridarsa a 1974. Ciwon bai warke ba ko a 1995, lokacin da aka ba Pramoedya lambar yabo ta Magsaysay, marubuta da dama suka yi zanga-zangar takarda, Mochtar Lubis ya mayar da tasa lambar.

Duk wannan gaskiya ne, kuma dole yaro ya san shi. Sai dai zagi a jarida da tsarewa ba za su zama hujjar kashe mutum aƙalla 500,000 ba, ko hujjar barin Utuy Tatang Sontani ya mutu a Mosko a 1979, Agam Wispi a Amsterdam, Sobron Aidit a Paris, saboda an soke musu fasfo suna ƙasar waje. Abin da muke gani a littattafan makaranta shi ne rabin farko kawai, kamar yadda aka yi ta nuna fim guda mai ɗora wa 'yan kwaminis laifin 1965 a talabijin kowace ranar 30 ga Satumba har zuwa faɗuwar Suharto. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A ajiye Hamka da Pramoedya a kan tebur ɗaya, a bar ɗalibi ɗan shekara sha bakwai ya karanta su duka.

Game da 1998 ba za mu tsawaita ba. Kwamitin bincike da Shugaba Habibie ya kafa ya tabbatar da an yi fyaɗe, kuma a Janairun 2023 Shugaba Joko Widodo ya amsa da bakinsa cewa tarzomar Mayu, da sace 'yan gwagwarmaya a 1997 da 1998, da kisan 1965 suna cikin manyan take haƙƙin ɗan Adam goma sha biyu da suka faru a ƙasar. Seno Gumira Ajidarma ya rubuta gajeren labarinsa Clara a cikin wannan shekarar ta 1998, toka ba ta huce ba, kamar yadda ya mayar da kisan da sojoji suka yi a Dili ta Timor ta Gabas a 1991 labarai a Saksi Mata bayan an raba shi da kujerarsa ta edita saboda rahoton da mujallarsu ta buga. Mawaƙi Wiji Thukul yana cikin mutum 13 daga waɗanda aka sace da har yau ba a gan su ba. Matarsa ta rasu a 2023 tana jira. Matasanku sun sayi Laut Bercerita na Leila Chudori, labari kan 'yan gwagwarmayar da aka sace, har an sake buga shi sau barkatai, don haka su sun riga sun karanta abin da littafin tarihin gwamnati zai yi shiru a kai.

Sai batun takardun kansu, wanda ba ya jawo hayaniya amma ya fi gaggawa. Yawancin adabinku na ƙarni na 20 a jarida da mujalla ya fara fitowa, a kan takarda mai arha da aka yi da niƙaƙƙen itace, wadda ke da sinadarin tsami a jikinta. Irin wannan takarda da kanta take yin ja ta bushe ta riƙa karyewa, kuma laimar Jakarta tana ƙara mata funfuna, domin da zarar danshin ɗaki ya wuce kashi 65 cikin ɗari funfuna ta samu gida. Cibiyar adana adabi ta H.B. Jassin, inda rubutun hannun Chairil Anwar yake, a 2011 an zaftare kuɗinta har sai da masu karatu suka shiga tara mata taro da sisi. Yanzu tana hannun gwamnatin Jakarta kuma ta samu sabon gini, amma mafi yawan abin da Lekra da jaridun hagu suka buga ba ya can cikakke, domin an ƙone shi ko an kulle shi. Sau da yawa mai bincike ɗan Indonesiya sai ya je Leiden ta ƙasar Holan kafin ya karanta jaridar garinsu.

Na ƙarshe, fassara. Kun kashe kuɗi sosai lokacin da kuka zama babban baƙo a baje kolin littattafai na Frankfurt a 2015, aka yi ta fassara zuwa Jamusanci da Ingilishi, daga nan ƙarfin ya ragu. Afirka ba ta shiga lissafi ba, alhali a Bandung aka yi taron Asiya da Afirka a 1955. Mu a nan dole ta Ingilishi muke bi, kuma asarar tana da yawa, domin Hausa ta fi Ingilishi kusa da duniyar waɗannan littattafai. Santri almajiri ne ko ɗalibin ilimi, pesantren tsangaya ce da ta girma, kiai malam ne mai zaure, priyayi jinin sarauta ne da ya shiga aikin Bature. Nyai Ontosoroh ta cikin Bumi Manusia, wadda mahaifinta ya miƙa wa Baturen kamfani don neman muƙami, duk Bahaushen da ya san kalmar ƙwarƙwara zai gane matsayinta a gida da gaban shari'a ba sai an yi masa dogon sharhi ba. Hatta kalmomi muna tarayya a kansu ta hanyar Larabci: dunia da duniya, kabar da labari, waktu da lokaci.

Ga abin da muke roƙo, ranku ya daɗe.

Ku rubuta wa Babban Lauyan Gwamnati ku nemi ya fitar da takarda guda da ta janye duk umarnin haramta littattafai da aka bayar a ƙarƙashin dokar 1963, tare da cikakken jerin sunan kowane littafi, marubucinsa, lambar umarnin da ranarsa, a buga a jaridar gwamnati. Jerin yana da muhimmanci, domin mai shago yana bukatar abin da zai nuna wa jami'in da ya zo ƙofarsa. Tare da wannan a aika wa rundunar 'yan sanda da ta soja umarni a rubuce cewa ba a kwashe littafi sai da hukuncin kotu, kuma a fayyace cewa ƙagaggen labari, waƙa, tarihin rayuwa da binciken tarihi suna cikin abin da sashe na 188 ya keɓe.

Ku haɗa kai da ma'aikatar ilimi a farfaɗo da shirin 2024. Kowane bayani a jagorar malamai mutum biyu su duba shi, ɗaya masanin marubucin, ɗaya malamin aji, kuma a sa sunayensu a ƙasa don a san wanda za a tambaya. A gwada jagorar zango ɗaya a makarantu kaɗan na birni da ƙauye da na addini kafin a raba ta ko'ina. A babbar sakandare a karanta cikakken littafi aƙalla biyu a shekara, ba guntun shafi da taƙaitawa ba, kuma a sa marubuta masu asalin Sin da na bacaan liar a farkon jadawali inda suka cancanta.

A juzu'in tarihin ƙasa da ya shafi 1950 zuwa 1998, a ambaci Lekra da Sanarwar Al'adu, Buru da tsare Hamka, Thukul da Marsinah, kowa da sunansa da shekararsa. Idan an riga an buga ba tare da su ba, a gyara a bugu na gaba.

A ware kuɗi na shekara biyar, ba na biki ɗaya ba, don ɗaukar hoton jaridu da mujallun adabi daga 1900 zuwa 1998, tare da ɗakin karatu na ƙasa da taskar tarihi ta ƙasa, a kuma nemi kwafin abin da ke Leiden. A riƙe ɗakin ajiya tsakanin digiri 18 da 22, danshi tsakanin kashi 45 da 55, dare da rana. Kashe na'urar sanyi da yamma don tsimin wuta ya fi rashin ta illa, saboda hawa da saukar danshi ne ke sa takarda ta kumbura ta tsuke har ta tsage. A cire ƙusar maƙala takarda da salatif, a sa kowane kundi a kwali marar tsami. A ɗauki hoto mai launi da ƙarfin ɗigo 400 a kowane inci, a ajiye kwafi uku a wurare biyu. Sannan a kula da tsohuwar ƙa'idar rubutu: kafin 1947 ana rubuta oe a madadin u, kafin 1972 kuma tj da dj da j suna tsaye a madadin c da j da y. Manhajar da ba a koya mata wannan ba, mai neman Jakarta ba zai ga Djakarta ba, mai neman Surabaya ba zai ga Soerabaja ba, kuma duk aikin ya tashi a banza.

A cikin guraben karatun harshe da kuke ba baƙi ta shirin Darmasiswa, ku keɓe biyu kowace shekara ga masu fassara zuwa harsunan Afirka, na tsawon da zai isa mutum ya iya karanta adabi, domin shekara ɗaya ta ciniki a kasuwa ce kawai. A haɗa kowane mai fassara da edita ɗan Indonesiya, a biya kuɗin haƙƙin mallaka ga magada, a kuma fara da gajerun ayyuka kamar Robohnya Surau Kami na A.A. Navis da Di Bawah Lindungan Ka'bah na Hamka kafin a tunkari Bumi Manusia mai shafi sama da 500. Daga ɓangarenmu akwai masu ɗab'i da masu karantawa a rediyo da za su ɗauka.

Za mu miƙa kwafin wannan takarda ga ofishin jakadancinku da ke Abuja, kuma muna sauraron amsa a rubuce.

Wassalamu alaikum.

Daga wasu malaman adabi, masu fassara da ɗalibai masu aiki da harshen Hausa.